Inugu, Garin Kwal, da Magajin Garinta Basakkwace

Hakiman ƙasar Mafara da Bakura da Maradun, waɗanda baƙi ke shigowa ƙasarsu neman zinariya, ya kyautu su san labarin Inugu, gama haƙar ma'adini ce ta kafa garin, baƙi kuma suka raya shi.

A shekarar 1909 Turawan binciken ma'adinai suka sami kwal kusa da Udi, a ƙasar Ibo. Aka fara haƙa a 1915, a 1916 kuwa hanyar jirgi ta haɗa wurin da Fatakwal. Kwal ɗin nan shi ne abincin jiragen ƙasa, har da waɗanda suka riƙa kwasar gyaɗa da auduga daga Ƙauran Namoda da Gusau bayan hanyar ta iso a 1929.

Aiki ya tara mutane iri-iri: Ibo na ƙauyukan kewaye cikin rami, akawuna daga Ikko da Saliyo, Hausawa da Fulani a kan cinikin shanu. Amma fa kada a ɗauka zaman cuɗanya aka yi tun farko. Turawa suka keɓe wa kansu unguwa, aka bar fili tsakaninsu da barikin leburori. Abin da ya haɗa kan mutanen gari shi ne wahala. Ran 18 ga Nuwamba, 1949, Baturen 'yan sanda ya sa aka buɗe wa ma'aikata wuta a ramin Iva, suna cikin rigimar albashi, aka kashe mutum 21. Ƙasar Nijeriya duka ta girgiza.

Cikin wannan gari ne Malam Umaru Altine, Bafillace daga Sifawa ta Lardin Sakkwato, ya zauna yana fataucin shanu. Ya shiga jam'iyyar NCNC, ya shugabanci matasanta na Inugu. Da aka ɗaukaka majalisar garin a 1956, shi ne ya zama magajin gari na farko. Ba gado ya ba shi ba, zaɓe ne, masu ƙuri'a kuwa galibinsu Ibo ne, Kirista. Abin lura ke nan.

Zaman bai ɗore ba. Tarzomar 1966 ta sa 'yan Arewa suka bar garin, a 1967 ya zama hedkwatar Biyafara. Jiragen ƙasa kuma suka koma shan man dizal, kasuwar kwal ta faɗi, ramukan suka mutu ɗaya bayan ɗaya.