Darasi: Mai Sana'a da Fatar Hannunsa

Jama'a, karatunmu na yau a kan hannu yake. Kowa ya ajiye fensirinsa, ya dubi tafin hannunsa da bayansa.

Ga abin da ya sa na ɗauko wannan magana. Ran nan ina kewaya azuzuwa a birnin Katsina, wajen Ƙofar Ƙaura, sai na ga wani birkila ya kasa riƙe fensir. Yatsunsa sun yi ja, sun tsattsage, har ruwa yana fita. Ya ce mini ya yi kwana 20 bai fita aiki ba. Ga mata, ga 'ya'ya, ga shi ba shi da wata sana'a sai ginin.

Allah ya yi fatar mutum da ɗan maiƙo a jikinta. Maiƙon nan shi ke tsare laima a ciki, ya hana abin da zai cuce ta shiga. In abu mai kaifi ya wanke shi kullum, sai fata ta bushe, ta yi kaushi, ta fara ƙaiƙayi, daga nan ta tsage. Wannan ciwo ba a ɗaukarsa daga wani, ba kuwa sammu ba ne. Aiki ne ke kawo shi.

Magina na dā, waɗanda suka gina ganuwa da hasumiyar Gobarau, da ƙasa suka yi aiki. Yanzu kuwa siminti ya cika gari. Jiƙaƙƙen siminti yana da kaifi ƙwarai, in ya daɗe a kan fata yana iya ƙona ta. Akwai kuma wani sinadari a cikinsa, sunansa kuromiyam. Wani mutum sai ya yi shekaru yana aiki lafiya, rana ɗaya jikinsa ya ƙi sinadarin nan. To, in jiki ya ƙi shi, da wuya ya sake karɓa. Ko kaɗan ya taɓa sai ƙuraje su fito. Saboda haka ƙasar Danmak ta yi doka a 1983 a rage shi cikin siminti, ƙasashen Tarayyar Turai kuma suka bi a 2005.

Ba birkila kaɗai ba. Marini yana sa hannu cikin baba da toka, rinin zamani kuwa har da soda mai ƙuna. Majemi yana cikin jiƙon toka. Makanike yana fama da baƙin mai. Mace mai wanki da wanke-wanke ita ma tana ciki, ko da yake ba a cika lissafa ta ba.

To, ina dabara? A kantin magani akwai man da aka yi musamman don a shafa kafin a fara aiki. Wasu suna ce masa safar hannu da ba a gani. Ni dai ban yarda da wannan suna ba. Likitoci sun gwada, sun ga man nan shi kaɗai ba abin dogaro ba ne. Yana sa dauɗa ta fita da sauƙi wajen wanki, amma gumi da gogayya suna share shi. Ba ya tare siminti, ba ya tare soda. Wanda ya shafa ya tsoma hannu cikin kwaɓi ya ruɗi kansa. Don siminti da soda sai safar hannu mai kauri, wadda ruwa ba ya shiga, doguwa har ta wuce wuyan hannu. In ta huje, ko kwaɓi ya shiga ciki, a cire nan da nan a wanke hannu, gama kwaɓin da ya maƙale cikin safa ya fi ƙuna.

Shafawar da ta fi amfani ita ce ta bayan aiki, ba ta kuwa da tsada. Basilin ya isa, man kaɗe ma ya isa. Ka wanke hannu da ruwa da sabulu marar kaifi, ka ɗauraye sosai, ka goge ya bushe. Sa'an nan ka lakaci mai kamar ƙwayar gyaɗa, ka murza a bayan hannu, da tsakanin yatsu, da gefen farce, nan ne aka fi mantawa. Ka sake da dare kafin ka kwanta. Da hunturu kuwa, sa'ad da iska ke busar da kome, ka ƙara.

Ku lura da abu biyu. Kada ku wanke hannu da fetur ko kananzir ko yashi, suna kwashe maiƙon fata duka. Kada kuma ku shafa basilin ku sa safar roba a kai, mai yana lalata wata irin roba.

In hannu ya riga ya tsage, ko yana ruwa, ko ya yi mugunya, shafe-shafe ba zai warkar da shi ba. A tafi asibiti, a gaya wa likita irin aikin da ake yi. Haka na gaya wa birkilan nan, ya kuwa tafi.

Yanzu kowa ya ɗauki fensirinsa ya rubuta sunan sana'arsa, da abin da hannunsa ke taɓawa kullum. Wanda ya gama ya karanta wa na kusa da shi.