Darasi: Aikin Ƙwaya a Cikin Ƙwaƙwalwa

A Batsari da Safana mukan ga samari suna haɗiyar tiramol domin su jure aikin gona. Jijiyoyi ne suke kai saƙon ciwo zuwa ƙwaƙwalwa. Ƙwayar ba ta ƙara ƙarfi. Saƙon take dusashewa, jiki kuwa yana ta jigata. Sannu a hankali ƙwaƙwalwa takan saba, har ƙwaya ɗaya ta daina isa. In ta yi yawa, takan kawo farfaɗiya, ko ta tsayar da numfashi. Idan ɗanmu ya faɗi yana kumfa, kada mu ce iskoki ne. Mu kwantar da shi ta gefe, kada mu ɗura masa kome, mu kai shi asibiti.