Darasin Lafiya: Abin Da Buɗe-Baki Ke Yi Wa Jininka

Darasinmu na wannan fitowa zai amsa tambaya guda: me ya sa mutum zai cika cikinsa da magariba, amma kafin a idar da tarawihi kasala ta rufe shi, har ya ji yana neman wani abin zaƙi? Za mu ɗauki misali daga Dubai, inda 'yan zango da dama ke zuwa fatauci ko neman aiki.

A yankin Deira akwai titin Al Muraƙƙabat, wanda ya yi suna wajen gidajen abinci da shagunan kayan zaƙi. In azumi ya kama, abin da baƙo zai tarar a garin shi ne dabino, da luƙaimat, wato ƙananan fanke da ake kwarara wa ruwan dabino, da haris na alkama da nama, da shinkafar biryani, da kunafa, da Vimto mai sanyi. Ko da yake sunayen sun bambanta da koko da ƙosai da sobolo da muka saba, aikinsu a cikin jiki iri ɗaya ne.

Na ɗaya: Sukarin jini

Duk abinci mai sitaci, kamar shinkafa, tuwo, burodi ko rogo, hanji yana farfasa shi ya koma sukarin da ake kira gulukos, ya shiga jini. Ga mai lafiya da ya kwana bai ci ba, ma'aunin yana tsakanin 70 da 99 mg/dL. In an gwada sau biyu aka samu 126 ko fiye, likita zai ce ciwon sukari ne.

Bayan tumbi akwai wata gaɓa da Larabawa ke kira bankiriyas. Ita ke fitar da insulin, wanda Banting da Best suka tace a Toronto ta Kanada a 1921. Insulin ne ke sa tsoka ta karɓi sukari daga jini, hanta kuma ta ajiye saura. Da rana kana azumi, wani sinadarin mai suna gulukagon yakan sa hanta ta riƙa sakin ajiyar nan kaɗan-kaɗan. Shi ya sa mai lafiya ke wuni bai ci ba, kuma bai faɗi ba.

To, in aka buɗe baki da lemo da fanke, sukari yakan afka jini gaba ɗaya, insulin ya fito da yawa don ya kwashe shi. Yadda ya hau da sauri haka yake sauka da sauri, kuma ga mutane da yawa saukar ce ke zuwa da kasala da kwaɗayi.

Na biyu: 'Yan aiken yunwa da ƙoshi

Jiki yana da sinadaran da ke kai saƙo ƙwaƙwalwa ta hanyar jini, ana kiran su hormon. Mu riƙe huɗu.

1. Gurelin: tumbi ke fitar da shi, shi ke cewa "yunwa". Kojima da Kangawa na Japan suka gano shi a 1999. Yana tashi a lokutan da ka saba cin abinci, ya lafa bayan ka ci.

2. Leftin: kitsen jiki ke fitar da shi, yana sanar da ƙwaƙwalwa yawan ajiyar da ke akwai. Jeffrey Friedman na Jami'ar Rockefeller a Amurka ya gano shi a 1994.

3 da 4. GLP-1 da PYY: hanji ke fitar da su in abinci ya iso, su ce "ya isa". GLP-1 yana kuma rage saurin fitar abinci daga tumbi.

Nama, kifi, ƙwai, wake da ganye sun fi zallar sukari tayar da 'yan aiken ƙoshi. Abin sha mai zaƙi kuwa yakan wuce tumbi da sauri, ba ya ƙosarwa kamar abin da aka tauna. Kuma saƙon ƙoshi yana ɗaukar lokaci kafin ya isa, don haka mai cin hannu baka hannu ƙwarya yakan zarce buƙatarsa bai sani ba.

Barci ma yana da hannu. A wani bincike na Jami'ar Chicago a 2004, samarin da aka bar su barcin awa 4 kacal dare biyu, leftin ɗinsu ya ragu da kashi 18 cikin 100, gurelin ya ƙaru da kashi 28. Masu hira har sahur, a kula.

Na uku: Me aka yi a kai?

Gwangwanin Coca-Cola mai mililita 330 yana ɗauke da sukari giram 35, kusan ƙaramin cokali 9. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa irin wannan sukari kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, wato kamar giram 50 ga baligi. A Oktoban 2017 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta ɗora harajin kashi 50 kan lemo mai gas, a Disamban 2019 ta haɗa da sauran abin sha mai zaƙi. Gana ma ta sa kashi 20 a 2023.

Na huɗu: Yadda za a yi aiki da darasin

Buɗe baki da ruwa da dabino ɗaya zuwa uku, ka je ka yi sallah, sannan ka dawo ka ci a tsanake. Fara da ganye da nama ko wake, tuwo ko shinkafa su biyo baya. Likitocin Weill Cornell a New York sun nuna a 2015 cewa wannan jeri kaɗai yana rage hawan sukari ga masu ciwon. Shinkafa da wake ta fi farar shinkafa zalla. Koko a rage masa sukari, a haɗa da ƙosai. A jinkirta sahur, a sa ƙwai, wake ko nono a ciki.

Gargaɗi ga masu ciwon sukari

Binciken EPIDIAR na 2004, a ƙasashe 13, ya gano kusan kashi 79 cikin 100 na masu nau'i na biyu suna azumtar aƙalla kwana 15, kuma mummunar faɗuwar sukari ta ninka fiye da sau 7 a cikinsu. Jagorar IDF-DAR ta 2021, wadda Dakta Mohamed Hassanein na Asibitin Dubai ke cikin jagororinta, ta ce a ga likita makonni 6 zuwa 8 kafin Ramadan, kuma a karya azumi in sukari ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300. Gwajin ɗigon jini a yatsa ba ya karya azumi. In ka ga Baba ko Inna suna rawar jiki, gumi da ruɗewa, a gwada su nan take. Shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame.

Tambayoyin bita

1. Mene ne bambancin aikin insulin da na gulukagon?
2. Me ya sa lemo ba ya ƙosarwa kamar wake?
3. A wane ma'auni mai ciwon sukari zai karya azumi?

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Wassalam.