Amfani da “make headway”: darasi ga mai koyon Ingilishi a kwarin Komadugu

Gabatarwa

Kundin sake gina ƙasa da Nijar ta ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya mayar da Hausa harshen ƙasa, ya kuma sanya Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Saboda haka ɗalibin Maine-Sorowa ko na Jami'ar Diffa, wanda kogin Komadugu Yobe kaɗai ya raba shi da Nijeriya, yana buƙatar Ingilishin rubuta rahoto da neman aiki. Wannan darasi ya duba salon magana guda da irin waɗannan rubuce-rubuce ke yawan amfani da shi.

Asali da ma'ana

Kalmar “headway” ta matuƙan jiragen ruwa ce tun asali, tana nufin tafiyar da jirgi ke yi gaba. Daga nan ma'anarta ta yaɗu zuwa samun ci gaba a aiki mai wuya. A nan ta bambanta da “make progress”, wadda ta dace da kowane irin ci gaba. Ita “make headway” tana nuna akwai abin da ke turjiya, kamar mai kwalekwalen da ke tuƙi yana fuskantar igiyar ruwa lokacin cikowar Komadugu.

Inda ake tuntuɓe

Na farko, aikatau. Faransanci na da “faire”, Italiyanci na da “fare”, Hausa na da “yi”, alhali Ingilishi ya raba wannan aiki tsakanin “make” da “do”. Shi ya sa ake jin “do headway”. Bahaushe kuwa, da yake “samun ci gaba” ya saba cewa, yakan faɗa wa “get headway”. Daidai shi ne “make”.

Na biyu, adadi. Bafaranshe na cewa “faire des progrès”, ɗan Italiya na cewa “fare progressi”, duka a jam'i. A wannan ma'ana “headway” suna ne marar ƙirguwa: ba ya karɓar “a”, ba ya karɓar “-s”. Ana auna shi da “some”, “little”, “much” ko “no”. A fannin sufuri ne ake ƙirga shi, inda yake nufin tazarar lokaci tsakanin motoci ko jiragen ƙasa biyu.

Na uku, kalmar da ke biyo baya. Ana sa “with” ko “on” kafin aikin da ake yi, “against” kafin abin da ake yaƙa, “towards” kafin manufa.

Misalai

“The villagers are making headway against the dunes.” Wato mutanen ƙauye sun fara cin ƙarfin tuddan rairayi.

“The pepper growers made little headway with the traders.” Wato manoman tattasai ba su cimma wani abin kirki da 'yan kasuwa ba.

A lura da jimla ta biyu: “little” na nufin kusan babu, “a little” kuwa na nufin an ɗan taɓa. Mai rubuta rahoto da ya yar da wannan “a” ya mayar da nasara gazawa.

Aiki

A gyara waɗannan jimloli, a kuma fassara su zuwa Hausa:

1. “We did a good headway.”
2. “She got headways in English.”