Darasinmu na Wannan Mako: Fili Ba Asarar Ƙasa Ba Ne



Idan aka ce wurin shaƙatawa a Kano, yawancinmu Gidan Zoo ne yake fara zuwa mana a rai. An kafa shi a zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, kuma sunansa gidan yake ɗauke da shi. Amma mu faɗi gaskiya, sau nawa muke zuwa can? Da ƙaramar salla da babba, in an samu goron salla ya kai kuɗin mota da na shiga. Sauran kwanakin shekara, wurin shaƙatawarmu shi ne filin unguwa da gindin bishiya. Su ne darasinmu na yau.

Mun sha jin manya suna cewa, "Ga fili can a banza, ba a yi komai da shi ba." Mu a ƙungiyar 'yan jarida mun bincika, mun ga filin yana aiki, sai dai aikinsa ba ya ƙara.

Mu fara da zafi. A watan Afrilu zafin Kano yakan kai digiri 40. Kwalta da siminti da kwanon rufi suna shan rana tun safe, da daddare kuma su riƙa sakin zafin, shi ya sa ɗaki yake zama kamar tanda har bayan isha'i. Bishiya kuwa tana tare rana kafin ta taɓa ƙasa. Ba inuwa kaɗai take yi ba. Saiwarta tana zuƙo ruwa daga ƙasa, ruwan ya hau har ganye, ya fita ta wasu 'yan ƙofofi da ido ba ya gani, ya zama tururi. Duk lokacin da ruwa zai zama tururi, sai ya ɗebi zafi ya tafi da shi. Malamin kimiyya ya ce mu tuna da randar gidanmu. Ruwa yana tsatsafowa ta jikinta, iska ta busar da shi, na ciki ya yi sanyi ba firji ba wuta. To, bishiya randa ce mai ganye. Wanda bai yarda ba, ya taɓa ƙasar gindin darbejiya da lokacin tara ya yi, sannan ya taɓa dandamalin siminti da ke rana. (Darbejiyar nan ma baƙuwa ce, asalinta daga yankin Indiya, amma ta zama 'yar gida saboda tana jure fari.)

Sai ruwan sama. Ƙasa da ciyawa suna shanye ruwa ya gangara ƙarƙashi, daga nan rijiyoyi suke samu. Siminti ba ya sha. Idan aka gine fili, aka cike kududdufi aka yi shaguna, ruwan Agusta ba shi da wurin zuwa sai kwata, kwatar kuma ta toshe da leda. Daga nan sai tsakar gida.

Na uku shi ya fi damunmu. A unguwar da wasunmu suke, akwai filin da muke buga ƙwallo da yamma, 'yan mata suna 'yar gala-gala a gefe, ƙannenmu suna langa. Wata rana muka tashi muka ga an zube bulo da yashi. Ba a tambaye mu ba, dama wa zai tambayi yaro? Yanzu a kan layi ake ƙwallon, da duwatsu biyu a matsayin raga, ana yi ana dakatawa babur ko a-daidaita-sahu ya wuce. Iyaye suna faɗa cewa mun maƙale wa waya. Gaskiyarsu ne, amma ina za mu je mu yi gudu? Dutsen Dala yana nan, ana hawa a hango birni, sai dai ba kowa yake kusa da shi ba, kuma ba a buga ƙwallo a kan matattakala.

Mu ma da namu laifin. Bishiyoyin da ke harabar makarantar nan, mu muke karya rassansu, mu sassaƙe musu ɓawo da reza don rubuta suna. A ƙarƙashin ɓawon nan abincin bishiya yake bi daga ganye zuwa saiwa. Idan aka yanke shi zagaye, bishiyar mutuwa take yi a tsaye.

'Yan dashen da aka shuka a bayan ajujuwa da damina, awaki sun cinye wasu, saura suna neman ruwa tunda rani ya shigo. Ƙungiyarmu za ta kewaye su da ƙaya ranar Alhamis bayan an tashi. Muna roƙon kowane monita ya ba mu sunan mutum biyu daga ajinsa waɗanda za su riƙa zuba musu buta ɗaya kullum da safe.