Yadda Ake Farfaɗo da Hannun da Ya Shanye

Ina so in yi ɗan bayani a kan ciwon shanyewar ɓarin jiki, musamman abin da ya shafi hannu. Duk wanda ya tashi a ƙasar Jega ko Maiyama ya san in mutum ya karye, Aliero ake nufa da shi, domin masu ɗorin garin sun yi suna ƙwarai. To, amma hannun da ya shanye ba karyewa ya yi ba, ƙashinsa lafiya lau. Ciwon a ƙwaƙwalwa yake, inda jijiyar jini ta toshe ko ta fashe, galibi saboda hawan jini. In ɓarnar ta auku a hagun ƙwaƙwalwa, hannun dama ne zai shanye.

Abin mamaki shi ne ƙwaƙwalwa tana iya koyon sabuwar hanyar aika wa hannu saƙo, kamar yadda mutane kan fid da turba in ruwa ya cinye hanya. Turba kuwa sai an yi ta bi take fitowa. Wannan shi ne aikin likitocin gashi, watau fisiyo. Da fari sukan koya wa mai jinya miƙe yatsun majinyaci da lanƙwasa su a hankali kullum, don kada su ƙage. Da zarar yatsu sun soma motsi, sai a shiga ayyukan yau da kullum: riƙe moɗa, jan carbi, ɓalle maɓalli, tsintar gyaɗa daga faifai zuwa kwano, a yi ta maimaitawa.

Akwai dabarar madubi, inda za a ɓoye hannu mara lafiya a bayansa, majinyaci ya riƙa motsa mai lafiyar yana kallo, har ya ga kamar shanyayyen ne ke motsi. Wadda ta fi burge ni ita ce ta wani masani a Amurka, Edward Taub. Mai lafiyar ake sa wa safar da za ta hana shi aiki, a tilasta wa ɗayan. A 2006 aka buga sakamakon gwajinta a kan mutum 222, waɗanda aka yi wa horon kuwa na mako 2 ne, har awa 6 a yini, kuma hannuwansu sun fi na sauran samun sauƙi. Sai dai dabarar ta wanda wuyan hannunsa da yatsunsa suka soma motsi ce.

A nan ne nake ganin tausayinmu kan yi ɓarna. Kawuna yana da wannan ciwo, in na je hutu sai in tarar kowa na rige-rigen ba shi abinci a baki, hannun yana ajiye a cinya. Gara a bar shi ya ɗauki loma da kansa ko da rabi zai zube.

Lalle ne kuma a kiyaye kafaɗa. Kada a ja shanyayyen hannu wajen tayar da mutum, domin kafaɗar tana iya gocewa. Kada a gasa shi da ruwa mai zafi sosai, don wani ba ya jin zafi sai ya ƙone. An fi samun sauƙi cikin wata 3 zuwa 6 na farko, saboda haka a hanzarta zuwa manyan asibitocin Birnin Kebbi ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, a koyo motsin, sa'an nan a dawo gida a ci gaba safe da yamma, ana shan maganin hawan jini yadda likita ya ce.