Tsila a Naman Shanu: Dubawar Likita Ba Ta Ɗauke wa Wuta Aikinta

Wani lokaci mahauci zai tsaga zuciyar saniya ko naman muƙamuƙinta, sai ya ci karo da wani ɗan ƙulli a tsakanin tsoka, girmansa bai wuce ƙaramar ƙwayar wake ba, cike da ruwa garai-garai, da ɗan ɗigo fari a cikinsa. Yawanci akan sa bakin wuƙa a ɗauke shi a yar, a ci gaba da aiki. Wannan ƙulli jaririyar tsila ce, wato farar tsutsar da likitoci ke kira Taenia saginata, ɗigon nan kuwa kanta ne a naɗe, yana jiran hanjin mutum. Wanda ya ci ƙullin da ransa, cikin wata 2 zuwa 3 tsutsar za ta girma a hanjinsa, tsawonta ya kai mita 4 zuwa 12, ta zauna shekaru in ba a sha magani ba. Abin da nake son mai karatu ya riƙe shi ne, duba nama a kwata wajibi ne, amma shi kaɗai ba ya isa, kuma duk ƙullin da aka gani a nama labari yake bayarwa game da mutanen da ke kewaye da garken.

Dalili kuwa yana cikin yadda tsutsar ke rayuwa. Babbar tsila ba ta zama a cikin kowace halitta sai mutum. Jikinta gaɓa-gaɓa ne, kuma kullum waɗanda suka nuna sukan tsinke su fita, wasu cikin bayan gida, wasu su rarrafo da kansu har mutum ya tsince su a wando, farare masu faɗi, suna motsi. Gaɓa guda na iya ɗaukar ƙwai dubu 50 zuwa dubu 100, ƙwan kuma yana da kauri, yakan yi watanni a ciyawa mai laima bai mutu ba. Saniya ta haɗiye shi a makiyaya ko a bakin rafi, ya ƙyanƙyashe a hanjinta, ya huda, ya bi jini ya maƙale a tsoka. Bayan kamar mako 10 zuwa 12 ƙullin ya isa kama mutum. Saboda haka saniya ba ta ɗaukar cutar daga 'yar'uwarta saniya, kuma mutum ba ya ɗaukarta daga mutum kai tsaye. Sai kashin mutum ya kai bakin dabba, sai kuma naman da bai nuna ba ya kai bakin mutum.

A kara, babu yadda za a yi a gane saniya mai ɗauke da ita. Tana ci, tana ƙiba, gashinta na sheƙi, dillali mai shekara 40 a sana'a zai shafa ta ya ce lafiyarta ƙalau, kuma bai yi ƙarya ba, domin ƙullin ba ya hana ta komai. Ganewar sai bayan yanka. Likitan dabbobi ko mai duba nama yakan nufi wuraren da ƙullin ya fi son zama, wato tsokar da ba ta hutawa kuma jini ke yawan ratsa ta: zuciya, naman muƙamuƙi, harshe, maƙoshi da faifan naman nan da ya raba ƙirji da ciki, a wasu ƙasashen har da naman kafaɗa. Yakan tsaga muƙamuƙi ciki da waje, ya buɗe zuciya ya duba bangonta, ya shafa harshe da yatsu ko zai ji gudaji. Ƙulli mai rai yana da ruwa, yana ɗan ɗaukar ido a cikin jan nama. Wanda ya mutu yakan koma ruwan ɗorawa ko kore-kore, ya yi kauri, daga baya ya taurare har a ji wuƙa na ƙaras a kansa. Mataccen ba ya kama kowa, amma ganinsa ba ya wanke naman, don a dabba guda ana samun matacce a zuciya, mai rai a cinya. Aikin yana bukatar haske sosai, wanda shi ne abin da yankan asuba ya fi rasawa.

Ko an yi dubawar yadda ya kamata, abin da ke kuɓucewa ya fi abin da ake kamawa. Yawancin shanun da suka kamu ƙulli kaɗan suke ɗauke da shi, warwatse cikin nama mai nauyin kilo fiye da 100, likita kuwa tsaga kaɗan aka yarje masa, tunda ba zai daddatsa cinyar da za a sayar ba. A Beljiyam, ƙasar da ba a wasa da duba nama, wani bincike da aka wallafa a shekarar 2000 ya gwada jinin shanun da aka yanka, sai ga shi waɗanda gwajin ya nuna sun kamu sun ninka waɗanda wuƙa ta gano fiye da sau 10. Irin wannan gwajin jini, wanda masana a cibiyar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Antwerp suka yi aiki sosai a kansa, yana gano abin da ƙulli mai rai ke saki cikin jini. Akwai kuma gwajin ƙwayar halitta da ke tabbatar da ko wani taurarren gudaji na tsila ne ko na wata cuta. Duka biyun na ɗakin bincike ne, sun dace da wurare irin cibiyar binciken dabbobi ta Vom da tsangayoyin likitancin dabbobi na Zariya da Sakkwato, don sanin yawan cutar a yanki. Ba abin da za a yi wa kowace saniya a kwatar ƙauye ba ne.

Wani zai ce, in haka ne mene ne amfanin dubawar? Amfaninta biyu ne, kuma na biyun ne aka fi sakaci da shi. Na farko, tana kama dabbobin da ƙullin ya cika jikinsu, waɗanda su ne mafi haɗari, kuma hukuncinsu a hana sayar da naman gaba ɗaya. Na biyu, tana nuna inda za a bi sawu. Idan shanun wani mai turka suka yi ta fitowa da ƙulli, to akwai mai tsila a cikin masu ba su abinci, ko ana yanko musu ciyawa daga bakin magudanar ƙazanta, ko ruwan shansu na haɗuwa da na masai. Mutum guda mai tsila da ke bahaya a bayan garke ya isa ya shafa wa garken duka. Ɗura wa shanun maganin tsutsa na yau da kullum ba ya kashe ƙullin da ya riga ya zauna a tsoka, kuma allurar rigakafin da masana suka gwada ba ta shigo kasuwa ba. Abin da ke aiki shi ne a yi wa masu kiwon magani, a gina musu salga nesa da makiyaya da mashaya. Ƙididdigar gwamnati ta 2021 ta nuna kimanin mutum miliyan 48 ne ke bahaya a fili a Najeriya. Jihar Jigawa, wadda aka ayyana a 2022 a matsayin ta farko da ta rabu da wannan ɗabi'a, ta yi wa shanunta alheri ko da ba don su aka yi ba.

A gida da bakin tukuba, wuta ce mai yanke hukunci. Ƙullin na mutuwa idan zafi ya ratsa har tsakiyar nama, kuma shawarar hukumomin lafiya ita ce tsakiyar yanka ta kai digiri 63 a ma'aunin Salshiyas, niƙaƙƙen nama kuma digiri 71. Wanda ba shi da ma'auni ya tsaga yanka mafi kauri ya duba: in da sauran ja ko ruwan jini, a mayar. Naman miya da ya daɗe yana tafasa, da dambun nama, babu fargaba a kansu. Inda ake samun matsala shi ne balangu mai kauri da wuta ta ƙona bayansa cikinsa bai nuna ba, da tsiren da aka sauke da gaggawa don mai saye na jira, da ɗanɗanar nama kafin ya dahu. Yaji, ƙuli-ƙuli da lemon tsami ba sa kashe ƙullin. Kilishi ma kada a dogara da shanya kaɗai, gashin nan na ƙarshe a yi shi sosai. Sanyi yana kashe shi, amma sai naman ya yi kwana 10 a digiri 10 ƙasa da sifili ba tare da narkewa ba, abin da firjin da ake ɗauke wa wuta kullum ba zai iya ba. A Habasha, inda cin ɗanyen naman shanu al'ada ce mai daraja, tsila ta daɗe da zama ruwan dare.

Akwai masu cewa cutar ba ta kisa, don haka ba abin damuwa ba ce. Gaskiya ne yawancin masu ita ba sa jin komai sai ɗan ciwon ciki, tashin zuciya ko rama, kuma ba ta shiga ƙwaƙwalwa yadda tsilar alade ke yi. Amma wani lokaci gaɓarta kan toshe wata kafa a hanji har a kai ga tiyata, kuma wanda ya yi shiru saboda kunya yana zubar da ƙwai kullum. Maganinta praziquantel ko niclosamide ne, yawanci sha ɗaya, gwargwadon yadda likita ya rubuta. Wanda ya ga gaɓar ya sa ta a kwalba mai murfi ya kai asibiti, ya kuma koma in ta sake bayyana bayan wata 3, domin muddin kan bai fita ba tsutsar za ta sake tofowa.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi na mahauta ne, kuma yana da hujja: wanda ya zuba jarinsa a bijimi guda, in aka ƙwace naman ba diyya, gobe a ɓoye zai yanka. Maganin wannan yana hannun sarakunan fawa da ƙungiyoyin mahauta: asusun da kowane yanka zai sa ɗan abu a ciki don rage asarar wanda abin ya faɗa wa, da ɗakin sanyi ko tukunyar dafawa a kwata, tunda naman da ƙullinsa bai yi yawa ba ana iya cetonsa. Masu watanda da masu layya da sa, ku nemi likitan dabbobi ya duba zuciya da muƙamuƙi da harshe kafin a fara kasafi, kuma ko ya ce bai ga komai ba, kowa ya dafa kasonsa har ciki.